Malam Filo Bai Gama Ba

Armiya'u na tsugune a bayan motar ofis yana ɓare goro cikin leda, sai ga Hajiya Nadiya ta fito ta tsaya a kansa, jakarta a kafaɗa.

"Malam Armiya'u, wannan goron na ɗaurin auren wa?"

"Na mahalarta ne, Hajiya. Ɗan abin motsa baki."

"Mu da za mu je mu ce wa mutane su rage goro da shayi don su samu barci?"

"Da yamma littafin bayaninmu ya ce, Hajiya. Yanzu ko hantsi bai dubi ludayi ba."

Ta san dalilin goron sarai, shi ma ya san ta sani. Hajiya Nadiya ce shugabar shirin lafiya na wata ƙungiyar agaji mai ofis a Ƙaura Namoda, daga Kaduna aka turo ta. Shi kuwa Armiya'u shi ne jami'in wayar da kan jama'a, mutum mai haƙuri da tsafta da riƙon amana, wanda aibinsa ɗaya ne tak a duniya, wato muryarsa. Gadonta ya yi. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, malami ne da mata kan goyo jariri mai rigima su tsaya a bayan zaurensa in yana ba da karatu, kafin a juya shafi yaro ya yi laƙwas. Muryar Armiya'u ba ta hawa ba ta sauka, tafiya kawai take kamar injin niƙa a can wata unguwa.

A Kasuwar Daji, ranar da ya yi bayani kan wanke hannu, wani mahauci ya faɗo daga kan benci. A Shinkafi kuwa, da aka yi taron gidan sauro, hoton da aka aika wa masu ba da tallafi ya nuna sahun gaba kakaf kawuna a sunkuye, har da babban baƙo, baki buɗe, hula ta zame. Tun daga ranar 'yan ofis suka raɗa masa Malam Filo, har mai gadi ma haka yake kiransa in ya ba da baya.

"Bari in faɗa maka gaskiya tun muna nan," in ji Hajiya Nadiya. "Kwantiraginka ƙarshen watan nan zai ƙare. Mutanen da ke ba mu tallafi ba su san Zurmi ba, hoto suka sani. Yau in na ga ido ɗaya a rufe a taronka, ba zan sa hannu a sabunta maka ba. Na kare ka a kan na Shinkafi, ba zan iya sau biyu ba."

"In sha Allahu ko ƙifta ido ba mai yi, Hajiya."

Ya faɗa da dariya, amma ya san ba wasa take yi ba. Tukunyar gidansa a kan wannan aikin take zaune. Matarsa Furera ga ta da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, ga mahaifiyarsa da ba ta rabuwa da magani. Kuma don ƙaddara ta cika, ba a tashi ba shi jarrabawar ƙarshe ba sai a Makon Ingantaccen Barci. An ba mutumin da ke sa jama'a barci aikin yi musu bayanin barci, da sharaɗin kada kowa ya yi.

Mota biyu suka tashi. Ta jami'an tsaro 'yan rakiya a gaba, tasu a baya, Muttaka direba yana ja. Har suka wuce Zurmi ana ɗan taɓa hira. Da suka sauka daga kwalta suka kama burji, hira ta mutu da kanta. Gero ya yi tsayi ta kowane gefe, ya fi ƙarfin rufin mota, ba ka ganin komai sai ganye. Can sai gona ta zo wadda ba a nome ba, ciyawa ta cinye ta, can kuma rugar da aka tashi aka bar turaku tsaye. Hajiya Nadiya ta ajiye waya ta ciro carbi. Armiya'u ya rungume littafinsa yana bitar barkwancin da ya tanada guda uku, waɗanda ya gwada wa Furera jiya ta yi hamma a na biyu.

Tungar Mahmuda ƙaramin gari ne, amma jama'ar da suka tarar a gindin durumi, kusa da ɗakin shan maganin da aka daɗe da garƙamewa, ta ba su mamaki. Maza, mata, tsofaffi, har da ragowar makiyayan da ba su ƙaura ba. Kowa da tabarmarsa, wasu matan har da zani na biyu a naɗe a hammata.

"Ka gani ko?" Hajiya Nadiya ta ce, fuskarta ta washe. "Jama'a masu ƙishin ilimi. Muttaka, ɗaura bana, ƙyallen nan na tallan taro, tun kafin rana ta juya."

Mai gari Hammadu ya taso ya tarbe su, dogon dattijo mai idanu jajur kamar gauta. Ya gaisa da su a gurguje, sannan ya wuce kai tsaye wurin Saje, shugaban 'yan rakiya, wanda ya riga ya baza yaransa a mashigin gari.

"Yallaɓai, sannunku da hanya. Ku da waɗanga bindigogi, hal yaushe kuka zamnawa nan?"

"Har malam ya gama bayaninsa, Baba. Da ya gama mun tashi."

Mai gari ya juyo ya kama hannun Armiya'u da hannu biyu ya girgiza.

"Malam, Allah shi sa karatun ga naka da tsawo."

Daɗi ya kama Armiya'u har kunne. Shekara da shekaru yana wannan aiki, ba a taɓa yi masa irin wannan addu'ar ba. Ya sa aka zaga da goro. Kowa ya karɓa ya yi godiya, maza suka jefa a aljihu, mata suka ƙulle a bakin zani. Ko mutum ɗaya bai kai baki ba. Wannan ya ɗan dame shi, amma ya ce ƙila kunyar baƙi ce.

Aka buɗe da addu'a, ya kunna 'yar lasifikarsa mai batir, ya fara da ƙarfinsa, yana yarfa hannu kamar yadda aka koya musu a bita. Ya ce baligi yana bukatar barcin awa bakwai zuwa tara. Ya ce barci hawa-hawa ne, akwai mara nauyi, akwai na mafarki, akwai kuma mai nauyi, wanda shi ne uban tafiya. A cikinsa jiki ke gyara abin da ya lalace da rana, ƙwaƙwalwa ta adana abin da ta koya, garkuwar jiki ta ƙara ƙarfi. Babban mutum ya samu kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu na wannan mai nauyin, to ya gode Allah, kodayake yana raguwa in shekaru sun ja.

Sai ya jefa tambaya, don an ce tambaya na hana gyangyaɗi.

"To jama'a, wa zai hwaɗa muna awa nawa yake barci?"

Can wani magidanci mai suna Murtala ya ɗaga hannu.

"Allah shi gahwarta malam, na zamne ko na tsugune?"

Armiya'u ya yi dariya, a zatonsa barkwanci ne, ya duba ya ga shi kaɗai ke yi. Ya yi maza ya koma littafi. Don samun barci mai nauyi, in ji littafi, mutum ya riƙa kwanciya a lokaci guda kullum, ya ajiye waya, ya samu ɗaki mai duhu, mai sanyi, inda babu hayaniya.

Murtala ya sake ɗaga hannu.

"Malam, duhu kam muna da shi, tunda ko ashana ba mu ƙyastawa. Shiru ma akwai, don ko jinjiri yat tashi kuka sai a cusa mai nono. Sanyi ko, raɓa ta ishe mu. Ɗakin na dai munka bari."

"To ina kuke kwana?"

"Cikin gero mana. Mata da yara can ƙasan kwazazzabo. In ɓarayi sun zaka su iske gari wayam, su kwashi abin da sunka gani su tahi. Tun shuka haka muke."

Armiya'u ya duba littafin. Babu inda aka yi maganar gero. Hajiya Nadiya, wadda hankalinta ke kan ɗaukar hoton hannun Murtala a sama, ta matso ta raɗa masa cewa taro ya yi armashi. Ta ce za ta hau tudun bayan masallaci ita da Muttaka su nemi sabis, ta aika hotunan farko. In ta dawo sai a yi babban hoto, kowa ya ɗaga hannu yana murmushi, a naɗe bana a kama hanya.

Tafiyarta ke da wuya jikin Armiya'u ya saki, muryarsa ta koma gidanta na gado. Ya shiga bayanin yadda bugun zuciya ke sassautawa, numfashi ya daidaita, gaɓoɓi su saki. Yana cikin haka ya ga kan wani tsoho ya yi gaba ya dawo. Na kusa da shi ya jingina da durumi. Wata mai goyo ta kwance goyon ta shimfiɗa shi, ta ce bari ta ɗan kishingiɗa ta ba shi nono, ba ta sake tashi ba. Abin ya riƙa bin sahu-sahu kamar ana kashe fitilu. Murtala mai tambaya ya yi rub da ciki. Mai gari Hammadu, da ke kan kujera a gefen bana, ya sauko ƙasa a hankali cikin mutunci, ya tada kai da rawaninsa.

Armiya'u ya ga taro na shirin kuɓuce masa. Ya saki barkwancinsa na farko, ba wanda ya ji. Ya tsallake na biyu ya saki na uku, minshari ya amsa masa. Ya hango fuskar Furera, ya hango kansa yana zaga ofisoshi da takardu a hannu. Haushi ya kama shi, haushin mutanen da suka cika masa ciki da addu'a suka zo suka kwance masa zani a kasuwa. Ya ƙure lasifika.

"Jama'a! Tahi ukku ga mai gari! Ɗaya, biyu!"

Tafi ɗaya ya ji, shi ma a hankali. Wata tsohuwa ce Bafillatana, siririya, zaune a bakin tabarmar mata da sanda a gicciye kan cinya. Ta yafito shi da hannu. Ya je ya durƙusa.

"Ɗana, don girman Allah rage muryar abin ga. Taka ta baki ta isa, mai daɗi ce."

"Inno, aikina na shirin lalacewa. Ke kaɗai ke saurare na."

"Ni ma ba saurare nikai ba," in ji ta, ba tare da wata kunya ba. "Ni ad da jira yau. Garin ga ba a kwana gaba ɗaya, ko da rana, sai an bar ido guda. In motar masu bindiga ta tashi, in tashe su."

"Wato ba don bayanin kunka taru ba."

"Tun shekaranjiya da anka ce za a zo da sojoji kowa ke murna. Wasu ko gona ba su tahi ba." Ta nuna masa da bakin sanda. "Duba can."

Ya duba. Takalma ne a gefen tabarmi, na roba da silifa da na taya, manya da ƙanana, an jere su bi da bi. Bai ga abin kallo ba.

"Rabon da ƙahwar mutanen ga ta sha iska suna kwance tun kahin ruwan hwari," in ji Inno. "Da takalmi muka kwana, ɗana, saboda gudu. Ƙaya ba ta san dare ba. Yau ka ga sun tuɓe."

Armiya'u ya tsaya yana kallon tafin ƙafafun. Ga na mai gari, fari fat saboda daɗewa a rufe, duk ya tsattsage. Ga na wata yarinya da ta rungume ƙafar uwarta. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, har ya rasa inda zai sa littafin da ke hannunsa. Ya zo da awa bakwai zuwa tara a rubuce yana karanta wa mutanen da ke ta kai, ba ta kaya ba. Ya miƙa hannu ya kashe lasifikar.

A haka Hajiya Nadiya ta same su. Ta tsaya cak, ta dubi fili guda na mutane a zube, ta dubi bana mai hoton wani mutum yana murmushi a kan katifa.

"Inna lillahi! Malam Armiya'u! Duka?"

"Shhh," in ji Inno.

Hajiya ta rage murya, amma ba ta rage faɗa ba. "Na Shinkafi sahu ɗaya ne. Wannan gari guda ka kwantar! Tashe su yanzu, su wanke fuska, a yi hoto mu tafi."

"Hajiya, yanzu ne suka shiga mai nauyin. Kin ga wancan, ƙuda na yawo a leɓensa bai motsa ba. Littafin ya ce in aka tashi mutum a wannan gaɓar zai tashi a ruɗe, kansa ya yi nauyi. A bar su su cika zagaye ɗaya, kamar awa ɗaya da rabi."

"Littafin na koyarwa ne, ba na aiki da shi ba!" Ta ji abin da ta faɗa, ta ɗan yi turus, sannan ta ci gaba. "Kana ganin ni ba ni da tausayi? Ni ma akwai na sama da ni. In tallafin nan ya tsaya, ba kai kaɗai za ka zauna a gida ba. Kuma ka ga hanyar da muka biyo. Ina da 'ya'ya, Malam."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa nauyi. Da mugunta ce da ya fi samun sauƙin amsawa.

Ta juya ta yafito Saje da hannu. Ya tako a hankali, yana tsallake ƙafafun mutane.

"Saje, mun gama. A tada mota."

Saje ya dubi masu barcin, ya daɗe yana dubansu. Mutum ne da shi ma idonsa ya san rashin barci.

"Hajiya, umarnin da aka ba ni shi ne in tsaya har mai bayani ya gama, in dai ba mu kai la'asar ba. Yanzu ko azahar ba a kira ba." Ya juya. "Malam, ka gama?"

Inno ta ɗora hannu a kan sandarta, tana shirin fara taɓa na kusa da ita. Muttaka ya riga ya kama igiyar bana. Hajiya Nadiya ta kafe Armiya'u da ido, ta riga ta faɗi nata tun a Ƙaura. Tsoro yake ji ƙwarai, tsoron ranar suna babu rago, tsoron kallon da mahaifiyarsa za ta yi masa ta ce ba komai. Kalma ɗaya zai furta ya tsira da aikinsa, mutanen nan kuma su mayar da takalmansu.

"Ban gama ba, Yallaɓai," ya ce. "Da sauran bayani da yawa."

"To," in ji Saje, ya koma.

Hajiya Nadiya ta juyo gare shi. "Ka san abin da ka yi?"

"Na sani, Hajiya."

Ta ɗaga waya ta ɗauki hoton filin, shi a tsaye a tsakiya da littafi a hannu, gari guda a kwance kewaye da shi. Ba ta ce ga inda za ta kai hoton ba, shi ma bai tambaya ba. Ta wuce mota ta zauna, ta bar ƙofa a buɗe. Muttaka ya saki igiyar.

Armiya'u ya gyara tsayuwa ya ci gaba da bakinsa kawai, ba yarfa hannu, ba barkwanci. Ya bi babin abinci, ya bi na motsa jiki, ya bi na masu aikin dare. Karo na farko a rayuwarsa bai yi faɗa da muryarsa ba, ya sakar mata linzami ta tafi yadda Allah ya yi ta. Wani jariri ya motsa zai yi kuka, ya matsa kusa da shi ya karanta masa illolin kallon waya a kan gado, yaro ya koma.

Yana dab da shafin ƙarshe Saje ya sake dawowa, wannan karon da sauri.

"Malam, don Allah ka matsa can ciki, nesa da mashigi. Iska na kawo muryarka. Yarana biyu sun fara hamma, in suka bi sahu mun shiga uku."

Armiya'u ya ba shi haƙuri. Ya tuɓe nasa takalmin don kada ya taka wani, ya ratsa tsakanin tabarmi har gindin durumi, ya zauna a ƙasa kusa da kan mai gari, ya ba mashigi baya. Littafin ya ƙare, rana kuwa da sauranta. Ya juya shi ya buɗe bangon farko, inda aka jera sunayen ƙungiyoyin da suka ba da tallafi da adireshinsu, ya fara karanto su ɗaya bayan ɗaya, a hankali.